Baki Tsakanin Zaƙi da Yunwa: Abinci da Lafiyar Haƙora a Ƙasar Zuru

Ƙasar Zuru, wadda ke kudancin Jihar Kebbi kuma ta ƙunshi ƙananan hukumomin Zuru da Danko-Wasagu da Fakai da Sakaba, ƙasa ce ta manoma, har ta kai ga al'adar golmo ta Dakarkari ta ɗora cancantar saurayi ga aure a kan shekarun da ya yi yana noma gonar surukansa. Cimar da wannan noma ke samarwa, wato tuwon dawa ko na gero da miyar kuka da wake da gyaɗa, ba ta ɗauke da sukari mai yawa, don haka ba ta cika yi wa haƙori lahani ba. Barazanar da baki ke fuskanta a yau ta ɓangare biyu take zuwa, wato zaƙin da ya yawaita a gari da kuma ƙarancin abinci mai gina jiki a gidajen da rumbunsu ya yi ƙasa.

Mutane da yawa suna danganta kogon haƙori da wata tsutsa mai ƙwaƙule shi daga ciki, alhali abin da ke faruwa shi ne ƙwayoyin cuta da ke zaune a cikin dattin da ke manne wa haƙora suna cin sukarin da ya shiga baki, sannan su fitar da wani ruwa mai tsami wanda ke narkar da farin ɓawon da ya lulluɓe haƙori. Miyau ne ke wanke wannan tsami ya kuma mayar wa ɓawon sinadaran da ya rasa, sai dai aikin nasa yana buƙatar lokaci, shi ya sa yawan maimaita shan zaƙi ya fi yawan zaƙin kansa illa. Yaron da ya yini yana tsotsar alawa ɗaya bayan ɗaya, ko magidancin da ke komawa teburin mai shayi sau uku a rana yana cewa a ƙara sukari, bai bai wa miyau damar gyara ɓarnar ba. A shekarar 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci mutane da kada sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha ya kai kashi 10 cikin 100 na kuzarin da mutum ke samu a rana, kimanin giram 50 ke nan ga babba, adadin da lemon kwalba biyu kan zarce shi. Harajin naira 10 a kan kowace lita ta lemon zaƙi, wanda dokar kuɗi ta 2021 ta kawo, bai kai nauyin da zai sa mai saye ya ja da baya ba.

Asawaki, idan an yi amfani da shi da kyau har zuwa haƙoran ciki, yana kawar da datti sosai, amma ba ya maye gurbin man goge baki mai sinadarin fuloraid, wanda ke ƙarfafa ɓawon haƙori. Goro yana rina haƙora, taba kuwa, ko ta zuƙa ko ta cusawa a leɓe, tana lalata dasashi, kuma idan ta haɗu da burukutu haɗarin kamuwa da sankarar baki yana ƙaruwa. Ciwon dasashi da ciwon sukari ma suna rura wa juna wuta, domin kowannensu yana wahalar da maganin ɗayan.

Ɓangaren yunwa ya fi muni, domin shi ke haifar da cutar da likitoci ke kira noma, sunan da ya fito daga Girkanci kuma bai da alaƙa da aikin gona; a Hausa ana ce wa cutar zaizayar baki. Takan kama yara 'yan shekara 2 zuwa 6, galibi bayan yaye, musamman waɗanda tamowa ta raunana sannan ƙyanda ko zazzaɓin cizon sauro suka biyo baya. Tana farawa ne da kumburin dasashi da zubar jini da warin baki, alamomin da uwa kan ɗauka ba komai ba ne, amma cikin 'yan kwanaki sai ta huda kumatu ta ci leɓe da hanci, kuma kusan tara cikin goma na yaran da ba a yi wa magani ba suna mutuwa. Wannan abin lura ne ga ƙasar Zuru, yankin da hare-haren 'yan bindiga suka raba ƙauyuka da yawa da gonakinsu, domin iyalin da ya yi gudun hijira yakan rasa hatsi da rigakafi a lokaci guda. Asibitin yara masu wannan cuta da aka buɗe a Sakkwato a 1999, wanda ƙungiyar likitoci ta MSF ke tallafa wa tun 2014, yana yin aikin gyaran fuska kyauta, kuma bisa buƙatar da Nijeriya ta jagoranta ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka cutar cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su a watan Disamba na 2023. Gyaran fuska yakan ɗauki tiyata fiye da ɗaya cikin shekaru, alhali a matakin kumburin dasashi maganin kashe ƙwayoyin cuta da kurkure baki da kunu mai gyaɗa ko wake sukan isa su tsayar da ita.