Hifnosis da Matsalar Barin Mugun Hali

Hausawa kan ce hali zanen dutse ne. Duk da haka, a Tambuwal da Kebbe, kamar sauran ƙasar Sakkwato, iyaye ba su fasa neman hanyar raba 'ya'yansu da taba da ƙwaya ba, matsalar da ta kai gwamnatin tarayya ga hana maganin tari mai kodin a 2018. Galibi wurin malami ake fara zuwa domin rubutu da addu'a, in abin ya faskara a nufi asibitin Kware.

Turawa kuwa suna da wata hanya, watau hifnosis, wadda James Braid, likita a Ingila, ya bayyana a littafinsa na 1843. Likita kan sa mutum ya kafa ido ga abu guda, ya saki jiki har hankalinsa ya tattaru, sa'an nan ya riƙa maimaita masa cewa tabar ta fita ransa. Mutumin ba barci yake ba, yana jin kome, kuma yana iya ƙin abin da aka faɗa masa.

Ƙungiyar Likitocin Birtaniya ta amince da ita a 1955. Amma nazarin Cochrane na 2019 bai sami tabbatacciyar hujja cewa ta fi sauran hanyoyin barin taba ba.

Saboda haka, maganar likita ba ta maye gurbin niyyar mai halin. Lalle iyaye su fara neman yardar yaron kafin su nemi maganinsa.