Kufai: Garuruwan Da Daji Ya Haɗiye

Mai bin hanyar ƙafa a dazuzzukan kudancin Maraɗi, kamar na Baban Rafi, wani sa'i yakan tarar da kukoki biyar ko shida a wuri guda. To, ya dakata ya dubi ƙasa. Galibi kufai ne. Kakanninmu sukan bar kuka kusa da gida saboda miya da igiya. Mutane sun tashi, kuka ta zauna.

Akwai sauran alamu: tsingaro, dutsen niƙa da ya lotsa, ramukan marina, da baƙar ƙasa mai toka.

Me ya tashe su? Mafi yawa yaƙi ne. Bayan masu jihadi sun ci Katsina a 1807, gidan sarautarta ya kafu a Maraɗi. Shekara da shekaru ana kai wa juna hari. Ƙauyukan da ke tsakani suka watse, itatuwa suka rufe gonaki. Wasu garuruwan kuma yunwa ce, ko ƙafewar rijiya.

Ƙasar kufai tana da ƙarfi, gero yana sonta, shi ya sa manoma ke rububinta. Amma muna roƙo, ƴan'uwa: in ana sharar gona, a bar kukokin tsaye. Kuka takan yi ɗaruruwan shekaru, gatari kuwa yini ɗaya ya ishe shi.

A kula da tsofaffin rijiyoyi da ciyawa ta rufe. Dabba na faɗawa, yaro ma haka, kuma macizai na kwana a bakinsu. A kewaye su da ƙaya. Saboda ɓarayin daji, kada kowa ya shiga shi kaɗai, sai da ɗan gari wanda ya san hanya.