Yadda Ake Koyon Ceton Mai Nutso A Teku

'Yan'uwana ɗalibai, duk wanda ya tashi a bakin kogi ya san nutso. Basarke yakan ja numfashi ya nutse, ya fito kafin numfashin ya ƙare. Amma akwai wani irin nutso da ake yi da tukunyar iska goye a baya, mutum ya daɗe a ƙarƙashin ruwa yana shaƙa ta bututu. Faransawa biyu, Jacques Cousteau da Emile Gagnan, su suka ƙera wannan na'ura a 1943. Yau mutane da yawa suna wannan nutso don nishaɗi, su kalli kifaye da murjani a wurare irin su Bahar Maliya ta gefen Masar.

To, ruwa ba ya wasa da kowa. Shi ya sa ƙungiyoyin koyar da nutso, kamar PADI wadda aka kafa a Amurka a 1966, suka keɓe darasi na musamman don koyon ceto. Babban abin da ake cusa wa ɗalibi a nan shi ne natsuwa, domin gaggawar mai ceto tana iya kashe wanda ya zo ceta.

Ga dalili. Iyakar nitsewar mutum, iyakar yadda ruwa ke danne shi. Iskar da ya shaƙa daga tukunya a zurfin mita 10, idan ya riƙe ta ya taso sama, sai ta kumbura ta ninka biyu, har ta iya yaga huhu. Basarke bai san wannan ba, don da iskar sama ya sauka. Haka kuma wata iska mai suna nitirojin tana narkewa cikin jinin mai nutso. In ya taso da sauri sai ta yi kumfa, kamar kwalbar lemon da aka buɗe farat ɗaya. Wannan kumfa takan kawo ciwon gaɓoɓi, ko shanyewar jiki, ko ma ajali. Saboda haka ba a yarda a wuce mita 18 cikin minti ɗaya wajen tasowa ba.

Da farko ana koya wa ɗalibi ya gane matsala tun ba ta girma ba. Ba a nutso sai bibbiyu, kowa yana lura da ɗan'uwansa. Wanda ya gitta hannu a maƙogwaro, iskarsa ce ta ƙare, sai abokinsa ya miƙa masa bututu na biyu, su taso tare a hankali.

Sai kuma wanda ya firgita a saman ruwa. Irin wannan yakan cafki duk wanda ya matso, ya danne shi. Don haka mai ceto yakan tura masa wani abu mai yawo bisa ruwa, ko ya ɓullo masa ta baya, ya hura masa iska a rigarsa, ya kwance masa ɗamarar darma da ke jansa ƙasa. In mai ceto ya nutse, an yi biyu babu ke nan.

Wanda ya suma kuwa, ana tallafo shi sama, a ɗaga haɓarsa don iska ta sami hanyar fita. In ba ya numfashi, sai a riƙa hura masa iska duk bayan daƙiƙa 5, ana jansa zuwa jirgi. A can a ba shi iskar oksijin, a nemi likita.

Ga misali daga gida. A 2013 wani jirgi ya kife a tekun Nijeriya, kukunsa Harrison Okene ya maƙale a zurfin mita 30 kusan awa 60, yana shaƙar 'yar iskar da ta rage a wani lungu. Ƙwararrun da suka same shi ba su fito da shi nan take ba. Sai da suka sa shi cikin wani ɗaki na ƙarfe, aka yi fiye da kwana 2 ana rage matsin iska sannu-sannu. Da sun yi garaje, da sun rasa shi.

Hausawa sun ce sauri ya haifi nawa. Ko a rafin garinku ne, in ka ga wani zai nutse, fara miƙa masa sanda ko igiya, ka kira manya. Allah ya kiyashe mu, amin.