Tukunyar Da Ta Ƙi Tashi: Asarar Da Ke Cin Jarin Masu Dafa Burkutu

A garuruwa da ƙauyukan jihohin Filato, Binuwai, Nasarawa, Taraba da kudancin Kaduna, dafa burkutu sana'a ce ta cikin gida wadda mata da yawa ke riƙe iyalinsu da ita. Jarinta ƙarami ne, ana juya shi daga wannan ranar kasuwa zuwa waccan, kuma babu abin da ke karya shi da sauri kamar tukunyar da ta fara tashi, ta yi kumfa na 'yan sa'o'i, sa'an nan ta yi tsit tun giyar ba ta nuna ba.

Abin da ya sa asarar ke da zafi shi ne, kafin a kai ga wannan mataki an riga an kashe kuɗin duka. An sayi dawa an jiƙa, an shimfiɗa ta kwana huɗu ko biyar har ta yi tsiro, an shanya, an biya kuɗin niƙa, an ɗebo ruwa, an ƙona itace wajen dahuwa. Alal misali, idan ribar kowace dahuwa kashi ɗaya ce cikin biyar na abin da aka kashe, to lalacewar tukunya guda ta cinye ribar dahuwa biyar ke nan, ban da zubin adashi da bashin mai dawa da ke jira.

Tun a ƙarni na 19 masanin nan na Faransa, Louis Pasteur, ya tabbatar da cewa tashin giya aikin wasu ƙananan halittu ne masu rai, watau yis, waɗanda ke cin sukari su mai da shi barasa da iskar da ke kawo kumfa. Saboda haka idan tukunya ta tsaya, galibi ɗaya daga cikin abubuwa uku ne ya samu matsala: zafin tukunyar, ko lafiyar yis ɗin, ko kuwa sukarin da zai ci.

Na farko ya fi addabar mutanen tudu. Birnin Jos yana bisa tsayin kimanin mita 1,200, kuma a watannin Disamba da Janairu sanyin hunturu da dare yakan sauko ƙasa da digiri 15, inda yis ke yin kasala ya kwanta a gindin tukunya. Bai mutu ba, don haka maganinsa mai sauƙi ne: a ɗaga tukunyar daga ƙasa mai sanyi, a lulluɓe ta da buhu, a matsar da ita kusa da murhun da ya fara hucewa, kana a motsa a hankali da muciya mai tsabta. Kishiyar wannan ita ce gaggawa. Mai dahuwar da ta zuba yis a ruwan da bai huce ba ta halaka shi, domin zafin da ya wuce digiri 50 yana kashe shi.

Na biyu ya shafi irin da ake ajiyewa. Bisa al'ada akan ɗebi abin da ya kwanta a gindin tsohuwar giya a tayar da sabuwa da shi. Idan ya kwana biyu a ajiye, ko ya sha zafin bazara irin na Makurɗi, yis ɗin cikinsa yakan yi rauni, ƙwayoyin da ke kawo tsami kuwa su rinjaye shi. A nan mafita ita ce a samo sabon iri daga tukunyar da ke kan tashi.

Na uku shi ne mafi wuya, kuma daga ita kanta dawar yake. Sitacinta ba ya narkewa sai zafi ya kai wajen digiri 70 ko fiye, alhali irin wannan zafi yana lalata sinadaran cikin tsiro masu mai da sitaci sukari. Wannan ne dalilin da ya sa gwanayen dahuwa ke barin damun ya kwanta, su tsiyaye ruwan saman su ajiye, su dafa mai kaurin shi kaɗai, sa'an nan su sake haɗawa bayan ya ɗan huce. Wadda ta tsallake wannan don tattalin itace ta bar yis ba abinci. Manyan kamfanoni ma sun ɗanɗana wannan matsala sa'ad da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta hana shigo da tsiron sha'ir a 1988. Tilas Nigerian Breweries da Guinness Nigeria suka koma ga dawa da masara, suka gyara tsarin dahuwarsu, suna taimaka masa da sinadaran da ake saye. Mai dafawa a gida ba ta da wannan gata, tsironta da iya wutarta su ne makamanta.

Kafin a ƙara ko kwabo a kan tukunyar da ta tsaya, akwai gwajin da bai da tsada. A ɗebi kaɗan a ƙwarya, a zuba masa sabon yis, a ajiye a wuri mai ɗumi. Idan ya tashi cikin 'yan sa'o'i, to sukari na nan, kuma ana iya ceto tukunyar duka. Idan bai motsa ba, kuma ba shi da zaƙi a baki, to laifin dahuwa ne. Ɗigon aidin a kan cokali guda na ruwan, wanda za a zubar bayan gwaji, zai koma shuɗi mai duhu muddin akwai sitacin da bai juya ba. Amma wadda ta riga ta yi warin ruwan tsami mai kaifi ta wuce gyara.

Abin da ya wajaba a guje masa shi ne ƙarfafa giyar da ta gaza da barasar da ba a san asalinta ba, don kawai a mai da uwar kuɗi. Rayukan da aka rasa a jihohin Ondo da Ribas a 2015, sakamakon shan ogogoro mai ɗauke da gubar metanol, sun isa ishara.

Burkutu kaya ne da ba ya jiran mai saye, domin cikin 'yan kwanaki yake tsami, kuma wadda ta rasa ranar kasuwa ta rasa cinikin mako. Ga sana'a mai ƙaramar riba irin wannan, ƙaramin ma'aunin zafi, da tsabtar tukwane, da sabon iri a kowace dahuwa sun fi sabon rance amfani, domin su ne ke kare jarin da ke hannu.