Kasuwar Krofrom: Tsakanin Alkawari da Adashi

A shekarar 2007, zamanin mulkin Shugaba Kufuor, aka tashi 'yan kasuwar Krofrom da ke Kumasi da alkawarin za a gina musu sabuwar kasuwa. Gwamnatoci suka zo suka wuce, har zaɓen 2024 ba a gama ginin ba. Mata masu sayar da kayan miya da hatsi suka koma bakin titi, ga rana ga ruwan sama.

Abin da ya riƙe da yawa daga cikinsu shi ne adashi da susu. Mai susu yakan zagayo kullum ya karɓi ajiya, ƙarshen wata ya mayar wa mai ita, ya cire zubin kwana ɗaya ladan wahalarsa. Tun 1994 masu wannan sana'a suke da ƙungiyarsu ta ƙasa.

To amma adashi jari yake tarawa, ba ya gina kasuwa. Wannan aikin hukuma ne. A 2017 majalisa ta zartar da dokar Asusun Raya Zango domin unguwanni irin namu. Ya rage ga sarakunanmu da limamai da shugabannin mata 'yan kasuwa su haɗa baki su riƙa bin sawun kowane alkawari, har rumfa ta isa hannun mai ita.