Rabuwa da Sake Saduwa a Ƙagaggen Labarin Hausa: Misali Daga Ƙasar Jega

1.0 Gabatarwa

Daga cikin matsalolin da ke fuskantar marubucin ƙagaggen labari akwai yadda zai nuna sauyin da ya sami taurarinsa tsakanin rabuwarsu da sake saduwarsu. Shi wannan sauyi a bayan idon mai karatu yake aukuwa, saboda haka sai ranar saduwa ake gane gwanintar marubuci. Wannan maƙala za ta dubi yadda marubutan farko suka yi, sa'an nan ta kawo misali daga Jega da Aliero da Maiyama.

2.0 Marubutan Farko

Littattafan da suka fito daga gasar 1933, wadda Hukumar Fassara ta shirya a ƙarƙashin Rupert East, sun nuna hanyoyi uku. A Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Alhaji Imam da Malam Zurƙe ɗan Muhamman suna ta haɗuwa gari bayan gari, amma kowannensu yana nan da halinsa, kamar Gizo a tatsuniya, kuma kowace saduwa dama ce ta ramuwar gayya. A Ganɗoki na Bello Kagara, ƙasar ce ta juya: jarumin ya komo ya tarar mulkin Turawa ya kafu. A Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa kuwa, mutanen ne da kansu suka sauya. Umar ya tashi a hannun Larabawa ya zama malami, mahaifiyarsa ta sha wuyar bauta garin nemansa, ba su daɗe da saduwa ba ta rasu. Wannan hanya ta uku ita ce mafi wuya, kuma ita ce ta fi kusa da rayuwa.

3.0 Misalin Ƙasar Jega

Tun da Buhari ɗan Abdussalami ya kafa Jega wajen 1820, kasuwarta ta zama zangon fataken goro masu bin hanyar Gwanja. Har yau tafiya ba ta yanke ba: ga 'yan cin rani, ga dillalan albasa, ga maɗoran Aliero da sana'ar ɗori ta kai su ƙasashen Afirka ta Yamma. Salla da biki da faɗuwar damina su ke tara su a gida. Marubucin da ya ɗauki irin wannan saduwa yana da alamu uku da za su fisshe shi.

Ta farko harshe. Wanda ya tafi yana cewa "biyat" da "yaz zo", in ya daɗe a Kano sai ya komo da "biyar" da "ya zo". Wanda ya zauna zangon Kumasi kuwa yakan komo yana ce wa mace "ya". Kalma guda a bakin tauraro ta fi shafi guda na bayani.

Ta biyu gaisuwa da mazauni. Wa ya durƙusa wa wa? Wa aka shimfiɗa wa buzu a zaure? Abokin wasan da aka rabu da shi ana kiran sunansa gatsau, in aka koma ce masa "Alhaji", mai karatu ya fahimci tazarar da ta shiga tsakani.

Ta uku, wadda marubuta suka fi mantawa, ita ce na gida ma ba su tsaya cik ba. Mutumin Maiyama da ya fita a 1985, ya bar garinsu a Jihar Sakkwato. In ya komo bayan shekara talatin zai tarar da Jihar Kebbi, wadda aka ƙirƙiro a 1991, da jami'a a Aliero tun 2006, ƙanen da ya bari yana kiwo kuma shi ke riƙe da gandu. Rikicin labarin a nan yake, domin kowanne yana magana ne da mutumin da ya sani da, alhali wannan mutum ya shuɗe. Hausawa sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

4.0 Kammalawa

Marubucin da ya ce "wane ya sake hali" ya ba da rahoto ne kawai. Aikin ƙagaggen labari shi ne ya shuka hali a saduwar farko, ya bar shekaru su wuce, sa'an nan a saduwa ta biyu ya maimaita zaure ɗaya da gaisuwa ɗaya, mai karatu ya auna bambancin da kansa.