Abin da murya ke faɗa wanda baki bai faɗa ba

A wani gida da ke unguwar Hampstead a birnin Landan, akwai wata doguwar kujera da aka lulluɓe da dardumar Farisa, sa'an nan a wajen kanta an ajiye kujerar zama, yadda wanda ya kishingiɗa ba zai ga wanda ke zaune ba. Nan ne Sigmund Freud, likitan da ya kafa hanyar warkar da damuwar zuciya ta hanyar magana, ya ƙarasa rayuwarsa bayan da ya gudo daga Vienna a 1938.

Freud ya bayyana a 1913 cewa ba ya iya jure a zuba masa ido har sa'o'i takwas a rana, shi ya sa yake zama a bayan majiyyaci. Ko ma mene ne dalilin, tsarin ya kawar da fuska, ya bar murya kaɗai tsakanin mutanen biyu. A 1912 ya kwatanta likita da kan wayar tarho wanda aka saita domin ya karɓi saƙo. Abin da ake saurare ya haɗa da suɓutar baki, da rawar murya, da wurin da mai magana ya yi shiru ba zato.

Wata majiyyaciya ce ta laƙaba wa hanyar sunan magani da magana: Bertha Pappenheim, wadda likita Josef Breuer ya duba daga 1880 zuwa 1882. Akwai lokacin da Jamusanci, harshen da ta tashi da shi, ya ɗauke mata, sai Turanci kawai take yi. Ba ta warke a hannun Breuer ba, domin an kwantar da ita a wani asibiti a Suwizalan a 1882, kuma har yau masana na jayayya a kan yawancin da'awar Freud. Amma batun murya ya sami goyon baya daga inda ba a zata ba, wato ɗakin haihuwa.

A 1980, Anthony DeCasper da William Fifer a Amurka suka sanya wa jarirai da ba su wuce kwana uku ba abin saurare a kunne, da kan roba na tsotso a baki. Yanayin tsotson ne ke zaɓar muryar da za a kunna, ta uwa ko ta wata mace daban. Akasarinsu suka riƙa yin tsotson da ke kawo muryar uwa, muryar da suka saba ji tun suna ciki. Kafin nan, a 1976, masani Didier Anzieu na Faransa ya rubuta cewa sauti yana lulluɓe hankalin jariri tun kafin ya san inda jikinsa ya ƙare. Duk wadda ta taɓa rarrashin ɗan goyo da waƙa a cikin duhu ba za ta yi mamakin wannan ba.

Har kukan ma yana da harshe. Binciken da aka wallafa a 2009 ya nuna kukan jariran Faransa yana tashi sama, na Jamus kuwa yana sauka, daidai da karin maganar iyayensu. A 2016 Kathleen Wermke ta jami'ar Würzburg da abokan aikinta suka gano cewa jariran al'ummar Nso na Kamaru, waɗanda harshensu yake da karin sauti kamar Hausa, kukansu ya fi na jariran Jamus hawa da sauka.

Wannan ya shafi Bahaushen da ke zaune a Ingila ko Amurka, wanda aka tura wurin likitan ƙwaƙwalwa. Ko dai ya yi bayani da Turanci, harshen ofis da neman abinci, ko kuma a kawo masa tafinta. Tafinta yana isar da ma'ana, amma da tasa muryar. Mutumin da aka tarbiyyantar da kunya da kawaici, ko yana kwance rai a hannun Allah aka tambaye shi jiki, cewa zai yi da sauƙi. Tafinta zai faɗa wa likita cewa ya ce ya sami sauƙi, kuma bai yi ƙarya ba. Numfashin da aka ja kafin amsar, da yadda ƙarshenta ya dusashe, sai dai idan likitan ya kasa kunne ga majiyyacin tun kafin tafinta ya buɗe baki.